Birkin Motar Marigayi

Kwana hamsin da ɗaya da rasuwar maigidana aka tayar da motarsa. Ina zaune a ɗaki bisa tabarma, cikin zanen takaba, na ji injin ya yi tari sau biyu ya kama. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Shekara talatin da ɗoriya wannan ƙarar ce ke gaya mini ya fita ko ya dawo. Ranar nan sai ga ƙarar, babu shi.

Ni ban san baƙi ba balle boko. Maƙwabciyata malamar lakwal, wato makarantar boko, ita ce ke rubuta wannan, na kuma roƙe ta kada ta gyara mini magana.

Tsohuwar babbar mota ce, kamiyo mai bodin katako, ta girmi yawancin direbobin da ke tashar Matameye a yanzu. Da ita ya ciyar da mu: gyaɗa, wake, rake idan lokacinsa ya zo. Wurin kwananta wani kango ne a jikin gidanmu, mai ƙofar kwano ta waje da ƴar ƙaramar ƙofa ta cikin gida. Ranar da ya rasu aka turo ta waje ƙarƙashin itacen bedi don a shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarmi a kangon. Aka gama zaman makoki, kowa ya watse, ba wanda ya tuna ya maida ta.

Ɗanmu na uku shi ne direba a cikin ƴaƴanmu, don haka ƴan'uwansa suka ce ya riƙe ta. Amma shi ƙananan motoci ya koya a Damagaram, ya daɗe can yana jigilar mutane, bai taɓa zama da motar ubansa ba. Ya sami lodin rake daga garkunan wajen Tsauni, ranar Laraba zai je ya ɗauko. Ran Litinin ya tayar da ita, ya taka birki, ya ji shi lagwaf kamar an taka ɗanyen ƙulli.

Abin da garin nan bai sani ba shi ne, duk shekarun nan ni ce mai taka wa maigidana birki idan zai gyara.

Birkin motar nan abu biyu ne a haɗe. Akwai mai, wanda ke bin siraran bututu zuwa ƙafafun mota. Akwai kuma iska, wadda inji ke tarawa cikin wani tulun ƙarfe a ƙarƙashi. A tsakaninsu akwai wani ƙarfe mai kama da ƙaramin turmi a kwance, maigidana yana ce masa serbo. Ƙafar mutum ta tura man, iskar tulu ta ƙara masa ƙarfi a cikin serbon, sai mota da lodinta ta tsaya cak. Muddin iska na gefenta, mai na gefensa, lafiya lau. Amma idan iska ta kutsa cikin bututun mai, birki ya yi laushi, dole a fitar da ita. Aikin mutum biyu ne: ɗaya a sama yana takawa, ɗaya a ƙasa yana sassauta wani ɗan kusa mai huda, man ya feso da kumfa, ya ɗaure.

Farkon abin, wata rana da la'asar ya rasa wanda zai taka masa. Ina tankaɗe a tsakar gida ya leƙo ta ƴar ƙofar nan ya ce, "Ke, zo ki ara mini ƙafarki."

Na ce, "Ƙafata ba ta aro ba ce."

Ya ce, "To sayar mini."

Haka ya ɗaga ni cak ya ɗora bisa kujerar direba, ya ninka buhu ya sa mini a baya saboda gajartata. Daga ranar bai ƙara neman wani ba. Ya ce maza gaggawa gare su, sukan saki kafin ya ɗaure kusan, iskar da aka fitar ta koma. Sai ya rufe ƙofar kwano, daga ni sai shi. Kalma uku ce tsakaninmu. "Taka," sai in taka a hankali har ƙasa. "Riƙe," sai in daskare, ko ƙuda ya sauka a hancina ba na motsi. "Saki," sai in ɗaga a hankali. Inji a kashe, tulun iska an zazzage shi. Kullum da serbo yake farawa, sa'an nan ƙafar baya mai nisa, ya yi ta matsowa har ta gaba kusa da ni.

Idan an gama kuma akwai gwaji. Ya tayar da inji, a jira allurar agogon iska ta hau inda take tsayawa. Sai in ɗora ƙafa, ba da ƙarfi can ba, in riƙe, in karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku a natse. In ƙafata tana nan inda na ajiye ta, an gama. In kuwa tana nutsewa kaɗan kaɗan, to ba iska ba ce, roba ce ta mutu a ciki, ko kwana aka yi ana cire iska aikin banza ne.

Makonni kaɗan kafin ya kwanta ciwon ajali, ya shigo yana goge hannu da tsumma, ya ce mini, "Man nan yana raguwa, kuma ko ɗigo babu a ƙasa. Ina yake zuwa?" Ya zauna, can ya ce, "Robar cikin serbo nake zargi. Yana tsallakawa gefen iska. Bari in ɗan ji ƙarfin jikina mu buɗe shi." Bai ji ƙarfin jikin ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ya tafi ya bar maganar nan a kunnena ni kaɗai.

To ran Litinin ɗin nan ɗana ya kira wani bakanike, magidanci mai gareji a hanyar tasha. Katangar ɗakina ita ce ta raba ni da bedin, komai ina ji. Inji na ta ruri, ba su kashe ba. Bakaniken yana ƙasa yana ihu, "Buga! Buga! Buga! Saki!" ɗana kuma yana sama yana ta dukan birkin kamar mai sussuka. Ko sau ɗaya ban ji an ce riƙe ba. Na bi muryar bakaniken tana zagaya ƙafafun motar, gaba ma ya fara, bai taɓa zuwa tsakiya inda serbo yake ba. Carbi na hannuna amma ban san abin da nake ja ba.

Da magariba ɗana ya shigo gaishe ni. Na ce ya zauna. Na gaya masa abin da ubansa ya faɗa, kalma da kalma.

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa mara lafiya. "Inna, ki yi ta laziminki, ki bar mu da mota."

"Ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. Iska ce kawai, ta daɗe a ajiye. Mun cire, ya yi tauri."

"Ya yi tauri don kana bugawa. Ka taka sau ɗaya ka riƙe."

"Mutumin nan fa har Kano ya yi aiki, Inna."

"Ni kuma a cikin motar nan na tsufa."

Ya yi dariya, ya ce Allah ya ba mu alheri, ya tashi. Yana yaro ya sha ganina bisa kujerar nan, amma a wajensa wasa ne iyayensa ke yi.

Talata da safe birkin ya sake yin laushi. Suka sake, yadda suka yi jiya. Na ji bakaniken yana cewa a ƙaro mai, kwalbar ta ƙare. Kwalba guda, kuma ƙasan motar a bushe! Ko wannan bai isa ya sa mutum ya tsaya ya yi tunani ba?

Ƙanwar maigidana ce ke zaune da ni tun rasuwar, ita ke yi mini girki da aike. Tun ina amarya muke tsokanar juna da ita. Na ce ta leƙa ta gaya musu su bar ƙafafu su duba serbo.

Ta ce, "Yaya, ni da ko keke ban taɓa hawa ba? In je in tsaya gaban maza in ce me?"

"Ki ce su duba serbo. Kalma ɗaya ce."

"Ashe shi ya sa kuke rufe ƙofar kango. Mu muna nan muna cewa soyayya ce ta tsufa, ashe gareji kuka buɗe."

"Don Allah ki je."

Ta yafa mayafi ta je. Na ji ta faɗa, ta kuwa faɗa daidai. Na ji bakaniken ya amsa daga ƙasa, ko fitowa bai yi ba: "A gaida Inna, a ce mata an duba. Allah ya ƙara haƙuri."

An duba! Ina ji da kunnena ba a duba ba. Na rasa inda zan sa kaina. Mai takaba ba ta da murya. Ba ta fita, ba ta ɗaga harshe, ba ta tsayawa gaban mazan da ba nata ba, wata huɗu da kwana goma. Ni ban ƙi ba, haƙƙinsa ne a kaina, da shekara aka ce ma zan yi masa. Amma kowa ya shigo sai ya ce in yi haƙuri, in na buɗe baki kan mota sai a dubi juna, a ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa ni. Yinin nan ko fura ban iya sha ba. Ina ta ganin hanyar Tsauni a idona, da gangaren nan na fitowa daga garkuna, da amalanken shanu, da mata masu tallar nono a gefe, da rake har sama da bodi. Mota fanko ko da rabin birki tana tsayawa. Mai lodi ba ta san wannan ba.

Laraba da hantsi ɗana ya tayar da ita. Na ji ya buga sau uku, ya ce wa bakaniken, "Ya yi, kamar dutse." Na ji ana jefa igiyoyi a bodi.

Na miƙe. Na ja babban mayafi na rufe har goshi. A bakin zaure ƙanwar maigidana ta sha gabana, ta buɗe hannuwa.

"Yaya, ina za ki? Maza ne cike a waje, ga masu shayi, ga ƴan lodi. Me za a ce?"

"Za a ce na fita."

"Ko rabi ba ki yi ba fa!"

"In ban fita ba, wata takabar za a yi a gidan nan, matarsa ce za ta zauna inda nake."

"A'uzu billahi! Bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

"To matsa."

Ta matsa, tana salati.

Hasken waje ya kashe mini ido. Hirar masu shayi ta ɗauke ɗif. Ɗana ya leƙo ta tagar mota, ya ga ni, ya diro.

"Inna! Lafiya? Me ya faru?"

"Ɗaga ni."

"In ɗaga ki ina?"

"Bisa kujerar ubanka."

Ya waiga ya dubi mutane, ya rage murya. "Don girman Allah ki koma ciki. Kina so a yi da mu a garin nan?"

Na kama ƙarfen ƙofa na sa ƙafa bisa matakin, gwiwata ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Da ya ga zan faɗi ne ya tallafe ni ya tura sama.

Ki rubuta wannan, malama, ko da ba shi da amfani ga kowa. Warinsa na nan a ciki. Man gas da goro da man da yake shafa wa gwiwa. Hularsa ta aiki tana saƙale inda ya saba saƙale ta. Na miƙa hannu bayan kujera, buhun nan yana nan a ninke. Na kifa kai bisa sitiyari na yi kuka mai sauti, a gaban masu shayi da kowa, ban kuma ji kunya ba. Da na gama na share fuska, na sa buhun a bayana, na dubi allurar agogon iska. Ta hau inda take tsayawa.

Na ce wa ɗana, "Hawo matakin. Sa hannunka a ƙarƙashin abin takawar, kada ka tura, ka dai ji."

Ya yi, yana huci. Na cire takalmi na ɗora ƙafa. Na taka sau ɗaya, na riƙe, na fara karatu a fili. Ƙafa ta farko, yana nan. Ina shiga ta biyu na ji ya fara tafiya, a hankali, kamar ƙafa cikin laka. Ɗana ya ɗago ya dube ni. Ban tsaya ba. Kafin in kai ƙarshen ta uku ya zare hannunsa da sauri, tafin ƙafata ya taɓa ƙasan mota.

Bakaniken ya matso yana dariya. "Haba Inna, ai ke kika danna da yawa. Kowane birki in aka matsa masa sai ya bi."

Na ce, "Ni tsohuwa mai ciwon gwiwa na fi ƙarfin birkin kamiyo? To hawo kai mai ƙarfi. Kada ka buga. Taka sau ɗaya ka riƙe."

Wani cikin masu shayin ya ce, "Hau mana, maigida, ko tsoro kake ji?" Aka yi dariya.

Aka sauko da ni, na tsaya jikin bedi na juya wa mutane baya. Ya hau. Bai iya ba sai da ya buga sau biyu, ƙafa ta riga ta saba, ɗana ya ce masa, "An ce kada ka buga." Ya saki, ya jira, ya taka ya riƙe. Ban ga ƙafarsa ba, fuskarsa na gani ta madubi, dariyar tana bushewa.

Na ce wa ɗana, ba bakaniken ba, "A kashe inji. A zazzage tulun iska tukuna, kada bututu ya fizge ya ji wa wani. Sa'an nan a kwance bututun iska da ke shiga serbo."

Suka yi. Iskar ta gama fita da tsakinta. Bakaniken ya shiga ƙasa da kile, ƙarfen kwance kusa, ya yi ta fama da kusan don ya yi tsatsa. Da ya kwance, sai mai ya zubo masa har gwiwar hannu, daga inda bai kamata a ga ko ɗigo ba. Duk wanda suka ɗura Litinin da Talata yana nan, da wanda maigidana ya yi ta nema.

Ya fito yana yarfe hannu ya ce, "Ai dama tun jiya nake zargin wajen nan."

Wallahi da ba takaba nake ba da na amsa masa. Na ja mayafina na koma ciki.

Motar ba ta je Tsauni ba ranar. Masu raken suka ba wata mota. Ɗana ya yi kwana biyu yana gaishe ni daga bakin ƙofa, ba ya shigowa. Yayan maigidana, tsoho mai sanda, ya zo takanas ya zauna a zaure ya aiko a gaya mini na ci mutuncin ƙaninsa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Wannan ta fi komai yi mini ciwo, na kwana biyu ina kuka a kanta. Ƙanwar tasu ce ta je wajen malamin unguwa ta tambaya, ya ce fitar lalura ba ta ɓata takaba, in ci gaba da lissafina. Amma maganar malam ba ta kai bakin famfo ba. Har yau akwai matan da in za su kwatanta gidanmu sai su ce gidan mai takabar da ta hau mota.

Robar kuwa aka neme ta a Matameye babu, Damagaram babu, sai da wani direba ya samo ta daga Kano bayan kwana tara. Ranar da aka haɗa, na aika a ce wa ɗana in an zo cire iska a tura motar cikin kango in taka musu, ba mai ganina. Ya aiko cewa na riga na fita sau ɗaya, ya isa haka. Na zauna jikin katanga ina saurare. Sun dai kashe inji, sun fara da serbo, na kuma ji kalmar riƙe tana fitowa daga bakin bakaniken kamar ana ciro masa haƙori. Sauran ban sani ba. Ba ƙafata ba ce a kai.

Da ɗana ya sami wani lodin ya tafi da sassafe. Yinin nan duk motar da ta wuce sai na ɗaga kai. Na yi azahar, na yi la'asar, ban san abin da na karanta ba. Rana ta yi ja sa'an nan na ji ta tun daga kwanar kasuwa, tana nishi da nauyi. Ta zo ƙofar gida ta rage gudu, ta tsaya, birkin ya saki iskarsa. Na sa goshi a ƙasa.

Ya shigo da sallama, ƙura har gira, ya jingina kara uku na rake a bakin ƙofata, ni da rabona da haƙoran shan rake tun kafin a yi masa aure.

Na ce, "Sannu da hanya. Yaya birkin?"

Ya ce, "Lafiya lau, Inna, ko a gangare bai motsa ba. Ai bakaniken nan ya san aikinsa."

Ƙanwar maigidana tana gefe tana tsince shinkafa, ta tuntsire da dariya har tire ya kusa kifewa. Ni ban yi dariya ba. Na ce ta kwashe raken ta sha, na ce masa ya je ya yi wanka, ya ja mini ƙofa.